'Yan Bakan Ingila A Littattafan Yaƙi: Ina Tarihi Ya Tsaya, Ina Ƙirƙira Ta Soma?

Wanda ya saba da littattafan yaƙi na Turawa, ko finafinan da ake ɗaukowa daga cikinsu, ya san wannan hoton. Ɗan ƙauye ne daga Ingila, ba uba a fada ba dukiya, sai dogon bakansa. Ya tsaya cikin taɓo a ƙasar Faransa tare da 'yan uwansa mayunwata, baraden Faransa sun taso musu cikin sulke, sai kibau su rufe sama, kafin la'asar manyan ƙasa suna kwance birjik. An yi fiye da shekara ɗari ana rubuta wannan labari, ana sauya wa jarumin suna kawai, kuma har gobe yana da kasuwa.

A 2019 wasu masana makaman dā suka yi gwaji suka ɗora a YouTube. Sun samo maharbin da ke iya jan baka mai nauyin ja kimanin kilo 73, suka ƙera kibau irin na wancan zamani, suka kafa sulken ƙirji na falon ƙarfe a tazarar mita 25. Kibau suka riƙa dukan ƙarfen suna karyewa. Wadda ta shige ita ce wadda ta sauka ƙasa da falon, a kan sulken zobba. Miliyoyin mutane sun kalla, gardama ta tashi: in kibiya ba ta huda sulke, me ya kashe Faransawa a yaƙin Agincourt na 1415? Ashe littattafan ƙarya suke yi? Amsar tana buƙatar a rarrabe abu uku da waɗannan littattafai ke cakuɗawa: abin da takardun zamanin suka tabbatar, abin da masana ke jayayya a kai har yau, da abin da marubuci ya ƙaga don labari ya yi daɗi.

## Kalmomin da ya kamata a fara warwarewa

Ƙagaggen labarin tarihi shi ne wanda marubuci ya ɗauki zamani na gaskiya, sarakuna da yaƙoƙi na gaskiya, ya saka mutumin da ya ƙirƙira a tsakiyarsu. Ranar yaƙi da wanda ya ci ba sa sauyawa. Abin da jarumin ya faɗa, matar da yake so, da maƙiyin da ke bibiyarsa, duk na marubuci ne.

Yaƙin Shekara Ɗari suna ne da 'yan tarihi suka laƙaba daga baya ga jerin faɗace-faɗacen da aka yi tsakanin sarakunan Ingila da na Faransa daga 1337 zuwa 1453, shekara 116 ke nan, da dogayen hutu da sulhu a tsakani. Waɗanda suka yi shi ba su san shi da wannan suna ba.

Dogon baka kuwa sanda ce guda, tsawonta ya kai mutum ko ya ɗara, an fi yin ta da wata bishiya da Turawa ke kira yew. Ana tsaga itacen ta yadda ɓangaren waje mai miƙewa zai kasance a bayan bakan, zuciyar itacen mai jure matsi ta fuskanci maharbi. Kishiyarsa shi ne baka mai kunama, gajere da aka ɗora a kan kota kamar ta bindiga, ana ɗana shi a saki da yatsa. Mai kunama ya fi sauƙin koyo, amma kafin a ɗana shi sau ɗaya ɗan dogon baka ya saki kibiya biyu ko uku.

Sai barade, wato mayaƙa masu cikakken sulke da doki, yawancinsu 'ya'yan manya. Sulken ma iri biyu ne, kuma wannan bambanci shi ne rabin gardamar: akwai na zobba, irin wanda aka sani a ƙasar Hausa, akwai na falon ƙarfe da ake ƙerawa daidai jikin mutum. A 1346 na zobba ya fi yawa. Zuwa 1415 mai hali ya rufe jikinsa da falo daga kai har ƙafa.

## Rikicin gado, da yadda Ingila ta tara maharba

Sarkin Faransa Charles na Huɗu ya mutu a 1328 bai bar ɗa namiji ba. Edward na Uku na Ingila ɗan 'yar uwarsa Isabella ne, amma manyan Faransa suka ce sarauta ba ta bi ta wajen mace, suka naɗa Philip na Shida. Ga kuma tsohuwar matsala: sarkin Ingila yana riƙe da yankin Gascony a kudu maso yammacin Faransa a matsayin hakimin sarkin Faransa. Sarki a gidansa, bara a gidan wani. A 1337 Philip ya ce ya ƙwace yankin, Edward ya mayar da martani da neman gadon sarautar Faransa ɗungurungum.

Faransa ta ninka Ingila yawan jama'a da barade, don haka Turawan Ingila suka dogara da dabarar da suka koya a faɗansu da mutanen Wales da Scotland. A Bannockburn a 1314 baradensu sun yi sukuwa kan masu māsu sun sha kashi. A Dupplin Moor a 1332 da Halidon Hill a 1333 sai suka sauka daga dawaki, suka tsaya a wuri mai tudu, suka jera 'yan baka a gefe biyu, suka bar abokin gāba ya zo musu. Wannan tsari suka tsallaka da shi Faransa.

Littattafan suna da gaskiya da suke nuna baka a matsayin sana'ar da ake tashi da ita tun ƙuruciya. Dokar 1252 ta wajabta wa masu ɗan hali su mallaki baka da kibau. A 1363 Edward na Uku ya ba da umarni kowane namiji mai lafiya ya riƙa atisayen harbi a ranakun hutu, ya hana ƙwallon ƙafa da faɗan zakaru da sauran wasanni. Abin lura shi ne dalilin da sarkin ya bayar: ya ce mutane sun kusa watsar da harbin. Ke nan ba kowane ƙauye ne cike da gwanaye ba kamar yadda labaran ke nunawa, in da haka ne da ba a buƙaci doka ba. Hukuma ta shiga har cikin kayan aiki. A 1417 Henry na Biyar ya sa a fige gashin fiffike shida daga kowace dinya don kibau, a 1472 kuma aka ɗora wa 'yan kasuwar da ke shigo da kaya daga ƙasashen da ke da itacen su haɗo da sandar baka huɗu a kan kowane tan, domin mafi kyawun yew daga waje yake zuwa, irin su Italiya da Sipaniya.

Ɗan bakan da ya tafi Faransa ma'aikaci ne mai albashi. Wanda ke da doki, ya hau zuwa fage ya sauka ya yi harbi a ƙasa, sisi yake karɓa a rana. Na ƙasa kwabo biyu ko taro. Barde sule ɗaya. Kafin annobar 1348 ƙwararren kafinta taro zuwa kwabo huɗu yake samu, saboda haka sisi kuɗi ne na kirki. Wanda ya iya sayen doki kuwa ba faƙiri ba ne. Galibi ɗan manomi mai gona ne ko baran wani babba. Akwai kuma masu laifi, har da masu kisan kai, da sarki ya yafe musu bisa sharaɗin su yi masa yaƙi. Takardun yafiyar suna nan ɗaruruwa, wannan ya sa marubuta ke son jarumin da ya gudo daga igiyar rataya.

## Me kibiya ke iya yi wa sulke?

Hujja mafi ƙarfi a kan bakan kansa ta fito ne daga ƙarƙashin teku. Jirgin yaƙin Henry na Takwas mai suna Mary Rose ya nutse a 1545, aka tsamo shi a 1982, aka samu bakuna sama da 130 lafiya lau da kibau fiye da 3,500. Tsawon bakunan kusan mita biyu, nauyin jansu an ƙiyasta shi daga kilo 45 zuwa sama da 80. A wasu ƙwarangwal na jirgin an ga ƙashin kafaɗa da bai haɗe ba, abin da masu bincike suka danganta da jan baka mai nauyi tun yarinta. Sai dai jirgin ya nutse shekara 130 bayan Agincourt, don haka ana kwatanta ne, ba bakan da aka riƙe a ranar aka gani ba.

Masana sun rabu biyu. Kelly DeVries yana cikin masu cewa aikin 'yan baka shi ne su rikita sahu, su takura maharan su cure a tsakiya, su gajiyar da su, kisan kuwa da takobi da gatari aka yi shi hannu da hannu. Clifford Rogers yana ganin an rage wa kibiya daraja. Ya kafa hujja da waɗanda suka ga yaƙin, waɗanda suka rubuta cewa Faransawa sun riƙa sunkuyar da kai don tsoron kibiya ta shiga ta ramin gani na kwalkwali, da cewa kibau sun huda hannuwa da ƙafafu inda ƙarfe ya fi siranta. Ya kuma tunatar cewa ba kowa ke da sulke mai inganci ba.

Idan aka duba da kyau, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai yadda ake zato ba. Dukkansu sun yarda falon ƙirji mai kyau yana tare kibiya. Dukkansu sun yarda doki, wanda ba a rufe shi duka, ba shi da wannan kariya. Kuma mutum 5,000 in kowa ya saki kibiya shida a minti guda, 30,000 ke nan. Ko ɗaya cikin ɗari ce ta samu kafa, ɓarna ta yi yawa. Gwajin 2019 ya nuna abin da ke faruwa da ƙirji ɗaya, bai nuna abin da ke faruwa da runduna mai tafiya cikin ruwan kibau ba.

A Crécy, ran 26 ga Agusta 1346, 'yan hayar Genoa masu baka mai kunama aka tura gaba, alhali manyan garkuwoyin da suke fakewa a bayansu suna can cikin kaya a baya. Da suka ji wuta suka juya, baraden Faransa suka bi ta kansu, suka yi ta kai hari sahu bayan sahu har dare. An ƙirga gawar manya sama da 1,500, cikinsu har da makahon sarkin Bohemia. A nan dawaki da sulken zobba ne suka gamu da kibiya. A Poitiers, ran 19 ga Satumba 1356, Faransawa sun sauka ƙasa, kibau suka kusa ƙarewa, abin da ya raba gardama shi ne wata ƙaramar runduna da ta zagaya ta ɓullo musu ta baya, aka kama Sarki John na Biyu. A Agincourt, ran 25 ga Oktoba 1415, gona ce da aka nome, ruwa ya jiƙa ta, kurmi dama da hagu. 'Yan baka sun kafa turaku masu tsini a gabansu, dawaki suka kasa ratsawa suka koma suka tattake na ƙasa. Baraden da suka tako ɗaruruwan mita cikin laka sun iso a galabaice, a cushe har wasu ba sa iya ɗaga makami. Wani bincike na Jami'ar Leeds a 2011 ya nuna tafiya cikin cikakken sulke tana cin ƙarfin jiki ninki biyu. Da kibau suka ƙare, 'yan baka suka yar da bakuna suka shiga da gatura da guduma.

Mai karatun da ya san tarihin Tabkin Kwatto na 1804, inda jama'ar Shehu, galibi 'yan baka a ƙasa, suka karya 'yan lifidin Sarkin Gobir Yunfa, zai gane wannan yanayi. Bambancin shi ne kibiyar ƙasarmu marar nauyi ce, dafi ke mata aiki, ta Ingila kuwa nauyinta da ƙarfin bakan ne makaminta.

## Mutum nawa ne a Agincourt?

Nan ne littattafan suka fi bambanta da juna, domin majiyoyin ma sun bambanta. Henry na Biyar ya bar Ingila da mutum kusan 12,000. Kawanyar garin Harfleur ta ci shi fiye da wata guda, atuni ya kashe wasu ya mayar da wasu gida, ya bar wasu gadin garin, sauran suka yi tafiyar kilomita kusan 400 cikin kwana 17 da ƙarancin abinci. Wani limamin kirista da ke cikin tawagar, wanda ya kalli yaƙin daga wajen kaya, ya rubuta cewa barade 900 da 'yan baka 5,000 suka rage. Wannan adadi aka daɗe ana bi, ana sa Faransawa daga 24,000 zuwa 36,000.

A 2005 Farfesa Anne Curry ta bi takardun biyan albashi na ɓangarorin biyu ta ce Turawan Ingila sun kusa 9,000, Faransawa kimanin 12,000. A shekarar dai Juliet Barker ta tsaya a kan 6,000 da 36,000. Masu goyon Curry suna cewa marubutan dā sun saba kumbura adadi don nasara ta zama abin al'ajabi, takardar albashi kuwa ba ta da wanda take yi wa kirari. Masu suka suna cewa takardun Faransa ba su cika ba, kuma kusan duk wanda ya ga filin, har Faransawan kansu, ya ce sun fi yawa nesa ba kusa ba. Har yanzu ba a daidaita ba. Marubucin ƙagaggen labari kusan kullum babban adadin yake ɗauka, saboda ɗaya da shida ya fi uku da huɗu sa gaban mai karatu faɗuwa. Bai yi ƙarya ba, ya zaɓi ɓangare ne a gardamar da ba a rufe ba.

Haka batun Jean Froissart, marubucin tarihi na wancan zamani, wanda marubuta suka fi ɗiba daga tarihinsa. Shi ne ya ce kibau a Crécy sun zubo kamar dusar ƙanƙara, amma yana yaro ɗan kimanin shekara tara lokacin, daga bakin wasu ya ji, kuma ya yi shekaru yana hidima a fadar matar Edward na Uku. A kan cin garin Limoges a 1370 ya ce an kashe mutum 3,000. Majiyoyin garin da wata wasiƙa da aka gano daga baya suna nuna ɗaruruwa ne.

## Aikin yau da kullum: hari, ganima da fansa

Manyan yaƙoƙin fage ba su da yawa a cikin shekara 116. Abin da ɗan baka ya fi yi a Faransa shi ne hari irin na ƙone ƙasa: runduna ta bazu faɗin kilomita da yawa tana ƙona ƙauyuka da rumbuna da injinan niƙa, tana kore dabbobi, don a talauta sarkin Faransa a kuma nuna wa talakawansa ba ya iya kare su. Wata guda kafin Crécy an wawashe Caen, aka kashe dubbai. A 1355 Yarima Edward, wanda aka fi sani da Baƙin Yarima, ya taso daga Bordeaux har Narbonne ya koma, ya ƙone ɗaruruwan garuruwa da ƙauyuka. Wakilinsa John Wingfield ya aika wasiƙa gida yana lissafa harajin da sarkin Faransa ya yi asara, abin da ke nuna da gangan aka yi, da lissafi. Dalilin da ya sa ake son ɗan baka mai doki ke nan.

Bayan sulhun Brétigny na 1360 sojojin da aka sallama suka ƙi komawa gida, suka zama ƙungiyoyin 'yan fashi suna kama garuruwa suna karɓar kuɗin kariya. Daga cikinsu John Hawkwood ya fito, ya ƙare babban kwamandan haya a Italiya, ya mutu a Florence a 1394. A kawanyar Rouen ta 1418 zuwa 1419 masu gari sun fitar da dubban talakawa saboda yunwa, Henry ya hana su wucewa, suka mutu a ramin ganuwa cikin sanyi.

Littattafan zamani ba sa ɓoye wannan kamar na dā. Abin da suke yi shi ne su ɗora ta'asar a kan mugun labarin, su bar jarumin yana ceton mace daga hannun abokan tafiyarsa. Akwai ɗan tushe: dokokin sansanin Henry sun hana taɓa coci da mata, kuma a hanyar Agincourt ya sa an rataye sojan da ya saci kwanon ibada. Amma ƙone gonar talaka umarni ne daga sama, mai kirki da mugu duk sun yi.

Fansa ita ce cacar da ke jan mutane. Kuɗin fansar Sarki John zinariya miliyan 3 aka yanka. Ƙaramin soja in ya kama barde zai iya samun abin da ya fi albashin shekaru, sai dai sulusi na shugaban ƙungiyarsa ne, sarki ma yana da kaso, kuma fursuna mai babban matsayi dole a miƙa shi ga sarki. Shi ɗan bakan in aka kama shi ba mai fansarsa, don haka sau da yawa kashe shi ake yi. Wannan ya bayyana abin da ya faru da yammacin Agincourt. Henry ya ji tsoron rundunar bayan Faransa za ta sake tasowa, ga labarin an kai wa kaya hari, sai ya ce a kashe fursunoni. Barade suka yi nauyin jiki, saboda dukiyarsu ce za a yanka. Aka tura 'yan baka 200 suka aikata. Masu karatu na yau suna kiran wannan laifin yaƙi. Marubutan zamanin, har na Faransa, sun fi ɗora laifin a kan waɗanda suka nemi sake ɗaga faɗan.

## Daga ina hoton talaka mai kayar da sarauta ya fito?

Wasan kwaikwayon Shakespeare a kan Henry na Biyar, na wajen 1599, da ƙyar ya ambaci 'yan baka, ya kuma ce mutum 29 kacal Ingila ta rasa, alhali an gano sunayen fiye da ɗari. Ɗaukaka ɗan baka zuwa alamar ƙasa ta yi ƙarfi ne a ƙarni na 19, zamanin da Birtaniya ke shimfiɗa mulkin mallaka tana son labarin ɗan ƙasa mai 'yanci da ya fi bawan sarkin waje. A Satumban 1914 Arthur Machen ya buga gajeren ƙagaggen labari a wata jaridar Landan, cewa fatalwar 'yan bakan Agincourt ta sauko ta taimaki sojan Birtaniya a fagen Mons, a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya. Cikin watanni mutane suka riƙa ba da shi a matsayin abin da ya auku, yana cewa shi ya ƙaga, ana ƙaryata shi. Fim ɗin wasan Henry na Biyar na 1944 da aka yi a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara yaɗa hoton barden da ake ɗaga shi da ƙugiya a ɗora kan doki, alhali cikakken sulken fage kilo 20 zuwa 30 ne, mai shi yana hawa da kansa.

Haka zancen yatsu biyu da Turawan Ingila ke ɗagawa don zagi, wai 'yan baka ne suka fara don nuna wa Faransawa ba a yanke musu ba. Abin da ke rubuce shi ne Jean de Wavrin, marubucin tarihi na zamanin, ya ce Henry ya gaya wa mutanensa Faransawa sun yi alwashin yanke yatsu uku na duk maharbin da suka kama. Uku, ba biyu ba, kuma babu majiyar zamanin da ta ambaci ɗaga yatsu.

Batun ƙasa da ƙasa ma ya fi haka sarƙaƙiya. Manyan Ingila na zamanin Crécy Faransanci suke yi a fada. Wanda ya jagoranci zagayen Poitiers mutumin Gascony ne. Akwai 'yan Wales da yawa cikin maharba. A 1415 kuwa Faransa tana cikin yaƙin basasa tsakanin ɓangaren Armagnac da na Burgundy, sarkinta Charles na Shida yana fama da taɓin hankali. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

## Ƙarshen da ba a cika rubutawa ba

Ingila ce ta faɗi a yaƙin. A Patay a 1429 dawakin Faransa sun auka wa 'yan baka kafin su gama kafa turaku, aka karkashe su. Sarkin Faransa Charles na Bakwai ya kafa sojan dindindin a 1445, ya tara igwa. A Formigny a 1450 da Castillon a 1453 aka gama da rundunonin Ingila, ba abin da ya rage mata sai Calais, ita ma ta tafi a 1558. Bakan yana cin nasara ne in an samu wuri mai kyau, an samu lokacin shiri, abokin gāba kuma ya yarda ya kawo hari. A 1595 hukuma ta sa a maye gurbinsa da bindiga a rundunonin gundumomi, domin ɗan bindiga makonni yake buƙata, ɗan baka shekaru.

## Abin da wannan ke nufi ga mai karatu

Yawancin mutane ba za su taɓa buɗe littafin masana a kan wannan yaƙi ba. Abin da suka sani daga labari da fim ne. Tasirin farko shi ne mai karatu ya tashi da yaƙi uku a kansa, Crécy da Poitiers da Agincourt, ya ɗauka Ingila ce ta ci. Ɗalibin da zai rubuta jarrabawar tarihi zai amfana da littattafan wajen riƙe sunaye da jerin abubuwa da yanayin rayuwar sansani, inda marubutan kirki suke yin bincike sosai, amma adadin runduna da ƙarfin kibiya da dalilan nasara sai ya duba wani wuri. Iyaye su san cewa na zamanin nan suna bayyana kisa da fyaɗe ɓaro-ɓaro, ba irin na yara ba ne.

Masu kare wannan nau'in rubutu suna cewa shi ya juyo da hankali daga sarakuna zuwa ƙaramin soja, ya kuma kai dubban mutane gidajen tarihi da filayen yaƙin. Masu suka suna cewa manomin Faransa da aka ƙone wa rumbu har yanzu ba shi da littafinsa. Ga marubutanmu masu sha'awar gina labari a kan yaƙoƙin Kano da Katsina da Gobir da Zazzau, akwai al'ada ɗaya ta waɗannan littattafai mai amfani: shafukan ƙarshe inda marubuci ke faɗin abin da ya samu a tarihi, abin da ya sauya, da wanda ya ƙaga. Mai karatu ma daga nan ya kamata ya fara auna littafin.

Wanda ke son ganin inda ƙirƙira ke shiga da idonsa, akwai rumbun bayanai a intanet da Anne Curry da Adrian Bell suka jagoranta, kyauta ne, aka buɗe shi a 2009 da bayanan hidimar soja kusan 250,000 daga 1369 zuwa 1453. In ka nemi ɗan baka a ciki za ka ga sunansa, matsayinsa, shugaban da ya bi, da shekarar da ya fita, wani lokaci da alamar an mayar da shi gida daga Harfleur ba lafiya. Garinsu, iyalinsa, abin da ya aikata a Caen ko Rouen, da ko ya koma gida da rai, galibi layin babu komai a kansu.